Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Canja Agogunan Tablo a Tsohuwar A-kori-kura, da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda ke bin titin arewacin Kamaru da ya tashi daga Garwa ya bi ta Figil da Marwa har ya dangana da Kuseri, ya san cewa tsofaffin motocin a-kori-kura ne ke ɗauke da albasarmu da dawarmu: Hilux mai injin 2L ko 3L ko 5L, da Land Cruiser mai injin 1HZ, da 'yan Peugeot 504 da suka rage. Da yawa daga cikinsu allurar zafi ta daɗe da kwanciya, direba kuma da sanda yake auna man da ke cikin tanki. Saboda haka mai mota yana da gaskiya idan ya so sabunta agogunan tablo, wato allon da ke gaban direba, musamman a ƙasar da zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Sai dai agogon da aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba ya fi mataccen agogo cutarwa, domin mai mataccen agogo ya san ba shi da ido, yana tsayawa yana duba ruwa, shi kuwa mai agogon ƙarya hankalinsa a kwance yake har inji ya ƙone.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne sayen agogo shi kaɗai, a haɗa shi da tsohuwar sensar da ke jikin motar. Agogo ba ya auna komai da kansa; sensa ce ke aunawa, tana aiko masa da saƙo ta hanyar tauye wutar da ke bi ta cikinta, kuma ana ƙirga wannan tauyewar da ma'aunin da ake kira om. Kowane kamfani da lissafinsa. Fulotar tankin tsohuwar Toyota, wato sensar da ke yawo a kan mai tana auna yawansa, tana ba da kusan om 110 idan tanki ya bushe, da kusan om 3 idan ya cika. Agogon Turai irin na VDO da ya fi yawa a kasuwa yana ɗaukar om 10 a matsayin bushewa, om 180 a matsayin cikawa, yawancin na Amurka kuma suna tafiya daga 240 zuwa 33. Idan aka haɗa agogon Turai da fulotar Toyota, za a cika tanki allura ta nuna babu mai, mai yana ƙarewa kuma allura tana tashi. Gyaran ba shi da wuya: a ciro fulotar, a ɗora mata mitar auna wuta, a ɗaga hannunta sama a sauke shi ƙasa, a rubuta lambobin biyu, sannan a nemi agogon da ya dace da su, ko kuma a sayi agogo tare da fulotarsa.

A agogon mai, hasarar ba ta wuce tsayawa a daji da jarka a hannu ba. A agogon zafi kuwa inji ne ke tafiya, kuma ni kaina na ɗanɗana. Na taɓa sa wani mai gyaran wutar mota ya ɗaura mini sabon agogon zafi a Hilux ɗina, ya bar tsohuwar sensa. Allura ba ta taɓa wuce rubu'i ba, da na yi masa magana sai ya ce, "Alhaji, ai sa'a ka yi, injinka mai sanyin hali ne." Bayan mako biyu, ina ɗauke da buhunan albasa da tsakar rana, na ji wani wari kamar na tukunyar da ruwanta ya ƙafe, tururi ya turnuƙo daga ƙarƙashin bonet, allurar kuwa tana nan inda take. Gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe. Da an yi gwajin da ba ya cin ko dala, da ba a kai nan ba: a tafasa ruwa a buta, a tsoma bakin sensar a ciki tana haɗe da wayarta, a jona jikinta da ƙarfen mota da wata waya, a murza makulli. Ruwa yana tafasa a kusan digiri 100, don haka agogon da ya nuna 70 ko 120 a wannan lokacin bai cancanci shiga tablo ba.

Wurin da aka ɗaura sensar ma yana da hukunci. Mazauninta shi ne kan silinda ko gidan tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya yi zafi), a ɓangaren inji, inda ruwa ya fi zafi. Masu yanka tiyon lagireto su dasa ta a can suna auna ruwan da tamostat ya riga ya saki, kuma ranar da tamostat ya maƙale a rufe, inji zai tafasa agogo bai sani ba. A kuma riƙe cewa sensa ruwa take ji; idan ruwa ya tsiyaye ta koma cikin iska, allura tana iya sauka alhali inji na ci da wuta. Saukar allura farat ɗaya a tsakiyar tafiya dalilin tsayawa ne nan take.

Akwai wasu kurakurai biyu da ake yi da sifana a hannu. Na farko shi ne naɗe haƙoran sensa da farin tef na masu gyaran famfo. Sensa mai waya ɗaya ta jikinta take komar da wuta zuwa ƙarfen inji, abin da kanikawanmu ke kira mas, kuma tef mai kauri yana raba ta da shi, sai allura ta riƙa rawa ko ta kwanta. A yi amfani da ɗan man liƙi kaɗan, sannan a gwada da mita a tabbatar jikin sensa da inji suna haɗe. Na biyu shi ne tilasta haƙoran da ba su dace ba. Ramin sensar baƙin mai a injin Japan yawanci mai haƙora 28 ne a kowane inci, na Amurka 27, na Turai kuma sau da yawa M10 ne. A ido duk ɗaya suke, suna shiga murɗa biyu ko uku su cije, mai gaggawa kuma ya ƙara ƙarfi har ramin ya lalace. Ɗan mahaɗin tagulla da ke daidaita su ba shi da tsada ko kusa da kuɗin gyaran bulok.

Game da baƙin mai, a bambance makunnin jar fitilar gargaɗi da sensar agogon matsin mai. Makunnin kunnawa da kashewa kawai ya sani, kuma haɗa agogo da shi yana iya ƙona agogon. Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne cire makunnin gaba ɗaya don a sami ramin sensa. Direban da ke kauce wa ramuka tsakanin Mora da Waza ba ya kallon allura, amma jar fitila tana fizgar idonsa. A sa mahaɗi mai baki uku, a bar su duka biyu suna aiki.

Ta fuskar wuta, kafin a taɓa komai a cire kan batir na mas. A auna ko motar mai volt 12 ce ko 24, domin wasu Land Cruiser masu dizal 24 ne, kuma ganin batir biyu ba ya raba gardama, mita ce ke rabawa. A ɗauko wutar agoguna daga layin da makulli ke kunnawa, a sa mata ƙaramin fiyus na gaske, a daina ɗaura zaren waya a madadinsa. Wayoyin mas duka su taru a ƙusa guda a kan ƙarfen da aka kankare fentinsa. Allurar da ke motsi duk lokacin da aka kunna fitilun gaba, mas ɗinta ne ba shi da kyau. Sannan kada a raina ƙwan fitilar caji. A tsofaffin altanato da yawa ta cikin wannan ƙwan ne wutar farko ke bi ta tayar da caji, don haka wanda ya cire shi, ko ya musanya shi da LED ba tare da ƙarin rizisto ba, yana iya wayar gari batir ya mutu ya ɗora laifi a kan altanato mai lafiya. Mai son sanin halin caji ya sa agogon volt, wanda a mota mai volt 12 zai nuna kusan 12.6 idan inji na kashe, da 13.8 zuwa 14.4 idan yana aiki. Agogon amfa yana buƙatar a shigo da waya mai kauri ɗauke da wutar caji duka zuwa bayan tablo, kuma gobara ba ta neman fiye da haka.

Agogon juyin inji na motar fetur daga kwayil yake karɓar saƙo, injin dizal kuwa ba shi da kwayil, sai a nemi wanda ke karɓa daga ƙafar W ta altanato ko daga famfon mai.

Agogon gudu yana tafiya da girman taya. Idan aka sa tayar da kewayenta ya fi na asali da kashi 10 cikin 100, allura za ta nuna 80 alhali motar na gudun 88, lissafin kilomita ma zai yi ƙasa, lokacin juye baƙin mai ya wuce ba a sani ba. Tablon da ya fito daga Amurka ko Ingila da mil yake ƙirga, kuma mil 60 kusan kilomita 97 ne. Ana gwadawa da GPS na waya, ko a riƙe allura a kan kilomita 60 daga wani dutsen kilomita na bakin titi zuwa na gaba da shi, tafiyar da ya kamata ta ci minti ɗaya cif. Idan kuma tablon gaba ɗaya aka canja da na wata mota, a rubuta kilomitar tsohon da ta sabon da ranar canjin, a ajiye takardar tare da katin mota, domin da ita za a ci gaba da lissafin sabis, kuma ita za a nuna wa mai saye ranar da motar za ta canja hannu.