Darasi na 7: Kira Sunan Jariri ta Bayansa

Ƙwaƙwalwar jariri takan ninka girmanta a shekararsa ta farko. Ba ma ganinta da ido, amma muna ganin aikinta: murmushi a wata 2, gwaranci wajen wata 6, waiwayowa idan an kira sunansa wajen wata 9. Waiwayen nan za mu koya yau.

Ki zaunar da yaro a tabarma, ya ƙoshi, ba ya jin barci. Ki kashe rediyo. Ki zagaya ta bayansa. Ta baya na ce, inda ba zai gan ki ba. Ki kira sunansa sau ɗaya da muryar da kika saba. Ki ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci. Ya waiwayo?

Kada ki taɓa shi. Kada ki tafa hannu. Idan ya ga fuskarki, idonsa kika gwada, ba amsa suna ba. Saboda haka ki koma ta baya. Idan ɗan fari ne kina alkunya, ki kira shi da laƙabin da kowa ke kiransa a gida, ya wadatar. Idan kin manta, ba komai, gobe ki sake.

Amma fa iyaye, na gaji da ganin wannan kuskure. Makon jiya mata huɗu suka durƙusa a gaban yaro suna kaɗa masa makulli, wai ya amsa. Haba! Ta baya. Ba taɓawa. Sau ɗaya.

Ki gwada kwana uku, ki rubuta ranar a takarda, ki ajiye tare da katin riga-kafi. Idan ya kai shekara 1 ba ya waiwayowa, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya. Wataƙila kunne ne, wataƙila alamar galahanga ce, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Likita ne zai tantance, ba maƙwabciya ba.

Darasi na 8: Awon Ƙwaƙwalwa

Jaririn da ke zabura a jere, kansa ya sunkuya, hannuwa su ware, musamman in ya farka, a kai shi asibiti ranar. Ana manna masa ƙananan wayoyi a ka, na'urar EEG ta zana aikin ƙwaƙwalwarsa. Ba zafi, ba allura.

Darasi na 9: Ciwon Shawara

Idon jariri sabon haihuwa ya yi ɗorawa? Asibiti. Shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa.