Darasi Na Sha Ɗaya: Haruffa Iri Ɗaya, Ma'ana Daban

Ku rubuta wannan kalma a littafinku: gari. To, me kuka rubuta? In na ce na shiga gari, kun san inda na je. In na ce an tankaɗe gari, kun san tuwo za a yi. Haruffan ba su canza ba. Maganar da ke kewaye da su ce ta nuna muku wanda ake nufi. Wannan kun iya shi tun kuna yara, ba a aji kuka koya ba. Da shi za mu yi aiki yau.

Ma'aikata ba sa son dogon rubutu. In suna ya yi tsawo, sai su tsinci harafin farko na kowace kalma su haɗa. Da Hausa ma ana yi: Majalisar Ɗinkin Duniya takan koma MDD a jarida. Amma yawancin waɗanda za ku gani a banki da asibiti da ofis daga Turanci aka yanko su. Haruffan Turanci 26 ne kacal. In bibbiyu za a haɗa su, iri 676 kawai za a samu, alhali abubuwan da ke neman suna ba su ƙirguwa. Dole a yi karo. Kamar sunan Musa ne a babbar unguwa: ka tsaya a bakin titi ka kira, mutum biyar su waiwayo, sai ka ce mai shayi ko direba kafin a san wanda kake nema.

A banki

Wani dattijo mai sayar da wake da muke karatu da shi ya taɓa zuwa aji da fara'a. Ya miƙo mini waya ya ce, "Malam, duba mini, Dakta ya biya bashina." Akwai wani da suke kira Dakta da ya karɓi wake bai biya ba. Na duba alat ɗin, sai ga DR a gaban naira 20,000. Na ce, "Baba, wannan ba shigowa kuɗi suka yi ba, fita suka yi." Ashe ɗansa ne ya cire a wurin mai POS da safe. Da ban duba ba, da ya soke sunan Dakta daga littafin bashi.

Baba bai yi kuskuren karatu ba. Dr a gaban sunan mutum likita ne, ko wanda ya yi digiri na uku a jami'a. Amma a saƙon banki, DR na nufin an cire kuɗi daga asusunka, CR kuma na nufin an saka maka. Ku riƙe waɗannan biyu kamar yadda kuka riƙe lambar wayarku. Mai sayar da kaya kada ya saki kaya sai ya ga CR a tasa wayar, ya kuma duba ragowar kuɗin da ke ƙasa ya ga sun ƙaru.

Sai harafin K. Tun da aka fara kashe naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, ƙaramin k na nufin kwabo. Tsohon rasit mai ɗauke da N5.50k naira biyar da sule biyar ke nan. Yau kuwa in yaronka ya rubuto maka "Baba a turo 5k", ba kwabo biyar yake roƙo ba, dubu biyar yake so. Harafi ɗaya, da yana nufin ɗaya bisa ɗari na naira, yanzu yana nufin naira dubu. In kuma kuka ga K a jikin buhun taki, a cikin NPK, ba ruwansa da kuɗi. Sunan ɗaya daga cikin sinadarai uku ne da shuka ke ci.

A asibiti

Nan za mu daɗe, domin nan ne kuskure ya fi tsada.

In ma'aikaciyar jinya ta ce BP ɗinki ya hau, ƙarfin bugun jini take nufi, abin da muke kira hawan jini. Da lamba biyu ake rubuta shi, ɗaya bisa ɗaya, kamar 120/80. Tsofaffin direbobi kuwa sun san wani BP ɗin, kamfanin man fetur na Ingila, wanda gwamnatin Obasanjo ta karɓe kadarorinsa a 1979, gidajen mansa suka koma AP.

MP a takardar ɗakin gwaji na nufin a duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jini. A labaran Gana ko Ingila, MP ɗan majalisa ne. A bariki kuma sojan da ke ladabtar da sojoji ne. TB a asibiti tarin fuka ne, a shagon kwamfuta ma'aunin yawan abin da na'ura ke iya ajiyewa ne, yayan GB da MB da kuke saya a waya. ANC a katin mace mai juna biyu awon ciki ne, a rediyo kuma jam'iyyar Mandela ce ta Afirka ta Kudu. CS a bakin ungozomar asibiti na nufin za a yi tiyata a ciro jariri. In aka faɗa wa maigida haka, ba lokacin jin kunyar tambaya ba ne.

Akwai biyu da nake so ku sa wa ido sosai: PCV da PVC. Kama da wane ba ta wane. PCV gwajin yawan jini ne, wanda ake yi wa masu ciki da yaran da suka ɗashe. PVC kuma katin zaɓe ne na dindindin da hukumar INEC ke bayarwa. Ko shi PVC ɗin ba shi kaɗai ba ne. Ku je kasuwar kayan gini ku ce kuna son PVC, za a tambaye ku na silin ko bututun ruwa, domin sunan wata irin roba ce. Harafi uku ne aka sauya musu wurin zama, aka samu jini da ƙuri'a da fayif.

Yanzu ga takardar magani. Likita yakan rubuta OD, wato sau ɗaya a rana. BD sau biyu. TDS sau uku. QDS sau huɗu. Amma OD a takardar likitan ido idon dama ne, a banki kuma cire kuɗin da suka fi abin da ke asusunka, wato bashi. Lambobi ma suna da nasu tarkon. In kun ga 5/7 a ƙarshen layin magani, ba biyar ga watan bakwai ba ne. Kwana biyar ake nufi, domin mako kwana bakwai ne. Haka 2/52 mako biyu ne, 3/12 wata uku. Ni a ganina bai kamata a sallami mara lafiya da irin wannan rubutu ba tare da an yi masa bayani da harshensa ba, amma tunda layi yana da tsawo kuma ma'aikata kaɗan ne, ku ne za ku tsaya. Ku ce wa mai ba da magani, "Don Allah ƙwaya nawa, sau nawa, kwana nawa?" Ya zana muku a jikin leda, layi ɗaya ko biyu ko uku. Ku kuma lura da mg da ml. Na farko nauyin maganin ne, na biyu yawan ruwan da za a auna wa yaro a cokali ko murfi. Ba a musanya su.

Sai AS da SS. Wanda ya saba da littattafan addini ya san AS a bayan sunan Annabi, wato alaihis salam, kamar yadda ya san SAW da RA. Mai ɗa a sakandare ya san SS1 zuwa SS3, azuzuwan babbar sakandare. A takardar gwajin aure kuwa maganar jini ce. AA ba ya ɗauke da sikila. AS yana ɗauke da ita amma ba ta kwantar da shi. SS shi ne mai ciwon. In AS ya auri AS, kowane ciki da aka samu yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ku ji da kyau: kowane ciki, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba. Ana iya haihuwar uku a jere duk masu ciwon, ana iya haihuwar shida ba ko ɗaya. Don haka in aka kawo muku takardar gwajin 'yarku da manemin aurenta, kada ku ninke ta ku sa a aljihu don kun ga haruffan da kuka saba gani a wani wuri.

A kan fom

Ga tarkon da ya fi kama Bahaushe, kuma ba laifinsa ba ne. Fom zai nuna akwati biyu, M da F. Mace ta ga M, ta ce ai ni ce, ta sa alama. A'a, Hajiya. Kalmar Turanci aka taƙaita, M namiji ne, F mace. Na ga mata masu kaifin basira sun faɗa wannan rami, kuma gyaran irin wannan kuskure a katin shaida yana cin lokaci da kuɗin mota. A wani layin na fom ɗin, inda ake tambayar aure, M na iya nufin mai aure. A gaban suna a wasiƙar Hausa, M. Malam ne. A bayan lamba yana iya zama miliyan, kamar N2m, ko mita, kamar 20m a takardar fili.

Lokaci ma haka. AM daga tsakar dare ne zuwa gab da sha biyun rana, PM daga sha biyun rana zuwa tsakar dare. Tikitin jirgin ƙasa mai 7:00 AM na safe ne, wanda ya je da magariba ya tarar da wayam. A akwatin rediyo AM zango ne, ɗan'uwan FM. A jarida PM Firayim Minista ne, muƙamin da a Najeriya mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe shi, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ma'ana tana tsufa

Ku tambayi dattijon da ya yi wayo kafin 1966 mece ce NPC. Zai ce jam'iyyar Sardauna ce, abokiyar hamayyar NEPU ta Malam Aminu Kano. Ku tambayi matashiyar da ta je karɓar takardar haihuwar ɗanta, za ta ce hukumar ƙidaya ce, wadda ta ƙirga jama'a a 1991 da 2006. Duk sun yi gaskiya. APC ta fi haka yawan fuska. Jam'iyya ce da aka kafa a 2013. A labarin yaƙi mota ce mai sulke da ke ɗaukar sojoji. Iyayenmu kuma sun san APC ƙwayar ciwon kai, wadda aka daina yi da tsohon haɗinta saboda ɗaya daga cikin sinadaranta yana lalata ƙoda. Hukumomin gwamnati ma suna karo da juna: NCC ce ke kula da kamfanonin waya, wata NCC ɗin kuma ke kare haƙƙin marubuta da mawaƙa. PTA a makaranta ƙungiyar iyaye da malamai ce, a banki kuɗin guzurin matafiyi.

Wata rana wani ɗalibi yana karanta jerin kayan gona a littafin Hausa: gero, dawa, maiwa, dss. Ya ɗaga kai ya ce, "Malam, me ya kawo jami'an farin kaya cikin hatsi?" Aji ya fashe da dariya. Ƙananan dss a ƙarshen jeri "da sauransu" ne. Manyan DSS su ne waɗanda ba a son sallamarsu da dare.

Masu zuwa Maraɗi ko Damagaram su san cewa can daga Faransanci ake taƙaitawa, shi ya sa haruffan kan juya. UN takan zama ONU, AU ta zama UA, WHO ta zama OMS, ECOWAS ta zama CEDEAO. Cutar ƙanjamau da ake rubutawa AIDS a Kano, SIDA ce a Zinder. Agogonsu ba ya amfani da AM da PM, ƙarfe uku na yamma 15h ne.

Yadda za ku gane

Kafin ku karanta haruffan, ku duba takardar kanta. Daga ina ta fito? Mai tambarin asibiti da yaren asibiti take magana, saƙon banki da yaren banki. Daga nan ku duba maƙwabtan haruffan: alamar naira ce kusa da su, ko sunan mutum, ko sunan magani? Ku lura ko manya ne ko ƙanana, ku kuma bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa don kada ido ya juya muku su. Jarida mai kyau takan rubuta cikakken suna a farkon labari kafin ta taƙaita, sai ku koma sama ku nema. In duk wannan bai warware ba, kuma maganar ta kuɗi ce ko magani ko sa hannu, ku tambayi wanda ya rubuta, ba na kusa da ku a benci ba. Abu biyu ne kawai ba a nuna wa kowa don neman fassara: PIN na katin banki, da OTP, lambar nan da banki ke turowa don a yi amfani da ita sau ɗaya.

Aikin aji

1. Malami zai rubuta DR, BP, SS, PM da PVC a allo. Kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ya faɗi wuri biyu da za a iya ganinsa, da ma'anarsa a kowane wuri.

2. Ku karanta wannan, ku faɗi ƙwaya nawa za a sha gaba ɗaya: 2 TDS 5/7.

3. Ku zana akwati biyu, M da F. Kowa ya sa alama a nasa, na kusa da shi ya duba.

4. Mutum biyu su fito. Ɗaya mai ba da magani, ɗaya uwar yaro. Uwar ta yi tambaya har sai ta iya maimaita bayanin da bakinta.

Aikin gida

Ku nemo takarda ɗaya a gida: katin asibiti, rasit, kwalin magani, buhun taki ko takardar makarantar yaro. Ku kwafi duk taƙaitattun haruffan da ke jiki a littafinku, ku rubuta inda kuka samo su a gefe. Wanda zai kawo saƙon banki ya kwafi haruffan kawai, ya bar lambar asusunsa a gida. Ranar Asabar za mu fara da kwalayen magani, a kan EXP da MFG.