Ga sababbin zuwa Kumasi masu son sana'ar lemo

Shigowa Kumasi ba wuya. Ɗan ƙasar ECOWAS yana da kwana 90 kafin maganar takardar zama ta taso. Ka sauka unguwannin zango, Aboabo ko Asawase, ka gaisa da jama'a a masallaci, kafin isha'i an nuna maka inda za ka shimfiɗa tabarma. Zango ba ta barin baƙo ya kwana a titi. Tire da wuƙa kuma suna nan birjik a kasuwar Kejetia.

Ƙannena, a kan lemon kuke ba ni haushi. Na farko, lemon Gana kore ne ko ya nuna, don dare ba ya yin sanyin da zai juya ɓawonsa ruwan ɗorawa. Sai in ga yaro ya baje shi a rana wai ya ƙarasa nuna. Lemo in an tsinke shi ya gama, ba ya ƙara zaƙi. Zafin ranar nan cinye amfaninsa yake yi. A giram 100 na lemo akwai bitamin C kusan miligiram 50, kuma zafi da iska da haske su ke lalata shi. Muddin ɓawo na jikinsa kuma yana wuri mai sanyi, yana riƙe mafi yawansa. Da ka fere, ka yanke kai, ka jera a tire da tsakar rana, raguwa ta fara, ga shi yana yaushi. Matsattse a buɗaɗɗen kofi ya fi saurin lalacewa.

Shi ya sa ɗaki shi ne rabin jarinka. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar adibas fiye da na wata shida, amma masu gida shekara ɗaya ko biyu suke nema, ku kuma kuna ƙirgawa ba tambaya. Kafin ka biya, shiga ɗakin da azahar, ba da safe ba. Kwano ne ba silin? Taga nawa? A watan Fabrairu da Maris irin wannan ɗaki tanda ne, buhun lemo ya kwana biyu ciki sai gumi da fumfuna. Tambayi maganar wuta ma, don a gidan haɗaka mita ɗaya ce, ana raba kuɗin bisa kayan wutar kowa, kuma firij yana kawo rigima. Wani mai gida da na zauna wurinsa, sai da kuɗina suka shige aljihunsa ya ce mutum ya ba haya, ba kwanduna ba, kada ya sake ganin lemo a baranda. Barandar kuwa ita kaɗai ke samun iska a gidan. Da na tayar da magana ya ce ina aka rubuta? To, a rubuta komai, ka tafi da dattijo ɗaya daga unguwa ya zama shaida, ka karɓi rasit.

Firij yana taimako, lemo yana son sanyin digiri 3 zuwa 8, amma ana ɗauke wuta. Zazzage shi daga buhun leda, ka sa a kwando a inuwa, kada ka tula. Kullum da safe ka tsince wanda ya fara fumfuna, don yana shafar na kusa da shi. Ka saro na 'yan kwanaki kawai, ka riƙa ferewa kaɗan-kaɗan gwargwadon masu saye.