Yadda na gyara tarakta mai wuyar tashi da sanyin safiya

Tun shigowar hunturu, Massey Ferguson 135 ɗina ba ta tashi da safe sai an tura, ga farin hayaƙi mai warin gas. Na yi cajin batir, na canza filtar mai, duk a banza.

Ashe hitar da ke bututun shigar iska, wadda ke kunna ɗan gas don ɗumama iskar da ke shiga inji, ita ce ta ƙone. Na cire robar iskar, na murɗa makulli zuwa wurin ɗumamawa: ko ja ba ta yi ba, alhali wayarta na kawo wuta. Na ɗaura sabuwa, na tabbatar gas na isowa ta ƙaramin bututunta. Yanzu nakan riƙe makullin daƙiƙa 15 kafin in tayar, sai ta kama bugu ɗaya, hayaƙin ya ɗauke. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.