Kibod Marar Waya Yana Yankewa Bayan Komawa Windows 11: Ga Inda Ake Dubawa

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ofisoshi da shagunan buga takardu da dama a Abuja suka koma Windows 11. Daga cikin koke-koken da ke biyo baya akwai na kibod marar waya: kana cikin rubutu sai ya yi shiru, ko ka tashi salla ka dawo sai ka danna sau huɗu kafin ya farka. Kada ka yi saurin tafiya kasuwar kayan lantarki ta Banex sayen sabo. Kibod ɗin da yake lafiya jiya bai lalace cikin dare ɗaya ba. Galibi sabon tsarin ne ya sauya direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kibod da kwamfuta, ko ya maido da saitin tsimin wuta.

Fara sanin irin naka. Akwai mai Bluetooth, akwai mai ɗan risiba da ake sokawa a ramin USB. Duka biyun a zangon 2.4 GHz suke aiki, amma gyaransu ya bambanta. Ka ajiye kibod mai waya a kusa, ko ka danna Windows da Ctrl da O tare, kibod zai fito a kan allo ka riƙa latsawa da maus.

Sa sabon batir tukuna, ko da na ciki bai daɗe ba. AA ko AAA na alkalin volt 1.5 yake bayarwa, mai caji na NiMH kuwa 1.2. Batir mai arha na bakin titi yakan kunna fitilar kibod amma ya kasa riƙe sigina. Minti ɗaya ne, ka kawar da wannan zargin.

Daga nan sai ka lura da lokacin da yake yankewa, domin lokacin ne ke tona asirin matsalar. Idan sai ka bar shi na ɗan lokaci yake barci, tsimin wuta ne. Idan naka mai Bluetooth ne, danna dama a kan Start, buɗe Device Manager, faɗaɗa Bluetooth, ka nemi sunan adaftar kanta, wato mai ɗauke da sunan Intel ko Realtek ko MediaTek. Shiga Properties, sannan Power Management, ka cire alamar da ke kan "Allow the computer to turn off this device to save power". Ka duba ƙarƙashin Human Interface Devices ma, duk wanda ke da sunan Bluetooth kuma yana da wannan shafin ka yi masa haka. Wasu sababbin laftof ba sa nuna shafin kwata-kwata. Idan naka haka yake, wuce zuwa batun direba.

Mai ɗan risiba kuma a Universal Serial Bus controllers zai yi wannan aikin, a kan kowane USB Root Hub. Sai ya shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ya nemi USB selective suspend setting ya mai da shi Disabled. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. A laftof layi biyu ne, On battery da Plugged in. Mutum ya gyara na biyun kaɗai, komai ya tafi daidai, ana ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan batir sai cutar ta dawo. Idan ka lura kibod ɗinka da wuta yake tafiya, da wuta ko janareta yake dawowa, to layin On battery ne bai gyaru ba. Batir ɗin laftof zai ɗan rage daɗewa, amma kaɗan ne.

Idan kuwa tsakiyar rubutu yake yankewa, ko harafi ya maƙale ya yi ta maimaituwa, akwai abu biyu. Na farko katsalandan ne. Ramin USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, yana fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4 GHz, kuma Intel ya wallafa bayani a kan haka tun 2012. Filash ko hard disk na waje da ke soke kusa da ɗan risiba na iya toshe shi. Mai da risibar ramin USB 2.0, ko ka sa gajeriyar wayar ƙari ta USB ka fito da shi saman tebur. Risibar da aka soka a bayan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur ba za ta yi mita 10 da aka rubuta a kwali ba. Idan rauta ko MiFi ɗinka na da 5 GHz, mai da kwamfutar can.

Na biyu direba ne. A Properties na adaftar, shafin Driver, idan Roll Back Driver na dannuwa to danna shi, tsohon direban zai dawo. Idan ya dushe, duba lambar samfurin kwamfutar a ƙarƙashinta, ka sauko da direban Bluetooth daga shafin HP ko Dell ko Lenovo, gwargwadon wanda ya ƙera ta. Sauko da na Wi-Fi ma tare, domin a yawancin laftof kati ɗaya ne ke ɗauke da su biyun. Manhajojin nan da ke alkawarin gyara dukan direbobi da dannawa ɗaya, ka rabu da su. Mai Logitech ya duba ko akwai sabuntawar risibar Unifying ko Bolt a manhajar kamfanin.

Bayan sauya direba, raba auren ka sake ɗaurawa. Settings, Bluetooth & devices, Devices, ka zaɓi Remove a kan kibod ɗin. Riƙe maɓallin haɗawa har fitila ta fara ƙyaftawa da sauri, sannan Add device. Idan lamba ta fito a allo, a kan kibod marar wayar za ka buga ta, ka danna Enter.

Akwai wanda nasa da safe kawai yake ƙin haɗuwa, amma da an yi Restart sai ya miƙe. Wannan aikin Fast Startup ne: Shut down ba ya kashe tsarin gaba ɗaya, yana adana direbobi yadda suke, har da kuskurensu. A Power Options zaɓi Choose what the power buttons do, sai Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar Turn on fast startup.

Idan duk an yi abin bai bari ba, gwada kibod ɗin a wata kwamfuta ko a wayarka. Ya yanke a can ma, to shi ne da laifi. Ya zauna lafiya, kana da kwana 10 daga ranar sabuntawa ka koma tsohon tsari ta Settings, System, Recovery, Go back, muddin ba ka goge foldar Windows.old ba. Kwanakin sun wuce kuwa, ƙaramar adaftar Bluetooth ta USB ta fi sabon kibod araha. Kashe ta cikin kwamfutar a Device Manager kafin ka soka sabuwar, don kada su yi karo.