Yadda ake fita da ƙaramin jirgi mai ƙyalle a ruwan Legas

Wanda ya koyi tuƙi a Yawuri ko Argungu ya saba da ruwan da ke gangara waje guda. Na Legas ba haka yake ba. Teku ce ke hura shi, ya cika ya janye sau biyu a yini, kowace juyawa awa shida da 'yan mintuna, kuma lokacin kan yi jinkiri da kusan minti 50 kullum. Saboda haka kafin ka dubi iska, dubi jadawalin cika da janyewar ruwa na ranar. Kwanakin tsayuwar wata da na 14 zuwa 15 ga wata ruwan ya fi ja, kuma da damina, idan kogin Ogun ya kawo, janyewar kan ƙara ƙarfi.

Sai zaɓen wuri. Ga ɗan koyo mai jirgin mita 4 zuwa 5, tafkin Legas ta bayan Ikoyi zuwa Lekki ya fi: fili ne, igiyar ruwa ba ta da girma, kuma yawancinsa bai da zurfi. Aibinsa shingayen masunta da turakunsu, da bututun masu haƙar yashi, sai ka sa ido. Mashigin Five Cowrie, wanda ya raba Ikoyi da Victoria Island, kusa yake da mutanen Obalende, amma ƙunci gare shi, dogayen benaye na karya iska, ga jiragen fasinja na wucewa da gudu, ga gadar Falomo. Auna tsawon sandar jirginka kafin ka yi tunanin bi ta ƙarƙashin kowace gada. Tarkwa Bay kuwa, a bakin mashigar teku, ruwanta a kwance yake saboda katangar duwatsu, sai dai hanyar zuwa ita ce ta manyan jiragen Apapa da Tin Can. A bar ta sai hannu ya faɗa. Ƙungiyar Lagos Yacht Club, da aka kafa a 1932, tana kusa da Dandalin Tafawa Balewa, kuma can ake ganin masu wannan tuƙi.

Kayan da ba a fita ba tare da su ba: rigar ruwa mai hana nutsewa ga kowa, a ɗaure ba a rataye ba, domin LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, ta wajabta ta; anka, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi, mai kilo 3 zuwa 4 da igiya mita 20; abin tuƙi na hannu ko gora; bokitin kwarfe ruwa ɗaure da igiya; wuƙa; usur; ruwan sha lita 2 kowane mutum; waya cikin leda mai zif. A duba toshiyar ramin da ke bayan jirgi. Mantuwa da ita na iya nutsar da jirgi.

A gaɓa, juya hancin jirgi ya fuskanci iska sannan ka ɗaga ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, igiyarsa a sake. Idan ka ɗaga shi iska na bayanka, jirgin zai tafi ya bar ka. Tura shi zuwa ruwan da ya kai gwiwa, hau, sauke sitiyarin baya, sannan allon da ke ratsa cikin jirgi. Shi ke hana iska tura ka a kaikaice. Ja igiyar ƙyalle a hankali har ya daina kaɗawa, ka tsaya nan. Riƙe ta a hannu, kada ka ƙulle.

Yawancin shekara iskar Legas daga kudu maso yamma take zuwa, mai sauƙi da hantsi, ta ƙara ƙarfi bayan azahar. Kilomita 10 zuwa 20 a awa ya ishi ɗan koyo. Fara tafiyarka da fuskantar iska, ko ruwa, tun kana da ƙarfi, domin dawowa ta zo da sauƙi. Jirgi ba ya shiga iska kai tsaye, sai ya kauce da kamar digiri 45, saboda haka ake tafiyar karkace, dama sannan hagu. Wajen juyawa, bari jirgi ya samu gudu, ka ce wa abokin tafiya "za mu juya", tura sandar sitiyari wajen ƙyalle, ka sunkuya sandar kwance da ke ƙasan ƙyalle ta wuce bisa kanka, ka koma ɗaya gefen. In jirgi ya cije a tsakiya, gudu ne ya yi kaɗan, ko ka saki sitiyari da wuri.

Abin tsoro na gaske hadarin farkon damina ne da na ƙarshenta, wajen Maris zuwa Mayu da kuma Oktoba. Daga gabas yake tasowa, baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, sannan sanyi ya bugo. Da ka ga haka, sauke ƙyalle, jefa anka, saki igiya ninki biyar na zurfin ruwan, kowa ya zauna a ƙasan jirgi. Lokacin hunturu matsalar hazo ce, kada ka yi nisan da gaɓa za ta ɓace maka. Ƙarshen damina kuma kainuwa kan rufe ruwa ta naɗe allo da sitiyari. Ɗaga su ka kakkaɓe.

In jirgi ya kife, kada kowa ya nufi gaɓa da iyo, ruwan ya fi shi sauri. Ƙirga mutanenka, kwance igiyar ƙyalle, zagaya ka kama allon da ya fito, ka ɗora nauyinka a kai har jirgin ya tashi. Shiga ta baya, ka kwarfe.

Babban jirgi ba ya iya kauce maka a hanyarsa. In dole ka tsallaka, bari ya wuce, ka yanke ta bayansa kai tsaye, ka tari igiyar ruwan da ya tayar da hancin jirginka. Shirya dawowa kafin la'asar sakaliya, domin iska kan mutu da faɗuwar rana, kuma an hana tafiyar dare.