Babi na 6: Giwa, Raƙumi da Zaki

Darasi na 1

Iyayena da ƴan'uwana, kowa ya ɗauko allo da alli. Yau dabbobin siyasa za mu rubuta. Ba kamfe muke ba, an ma rusa jam'iyyu a Nijar tun Maris 2025, amma sunayen suna nan bakin mutane a kasuwar Maradi da tasha.

A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, kan zaman Nijar tare da Faransa, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a, jam'iyyar RDA ta Diori Hamani ta ce i. Alamar RDA giwa ce, ta Sawaba raƙumi. Mu fara da giwa, ita ce mai sauƙi: gi-wa. Gaɓa biyu. Fara daga hannun hagu, ba kamar ajami ba. Madalla.

Darasi na 2

Nan ake faɗuwa, sai a natsu. Ra-ƙu-mi. Dubi baƙin tsakiya: ƙ ne, ba k ba. Ja sanda daga sama zuwa ƙasa. Koma samanta, ka lanƙwasa kan zuwa dama, kamar ƙugiyar ciro guga daga rijiya. Sannan ka sa ƙafafu biyu. Ka sa ƙugiyar? Duba. In babu, shafe, sake. Ba abin kunya ba ne, hannun da ya saba da hauya a hankali yake saba wa alli.

Sake: sanda, ƙugiya, ƙafafu. Faɗe shi da ƙarfi, ka ji yadda ƙ ke fita daga maƙogwaro. Sake kuma. Sau goma.

Darasi na 3

Zaki laƙabin mutum ne, Mahamadou Issoufou, wanda ya hau mulki a 2011. Jam'iyyarsa PNDS-Tarayya da launin ruwan hoda aka san ta. To za-ki ba shi da ƙugiya. Ba shi da ita! Bara wani dattijo ya rubuto mini "zaƙi ya ci zaɓe", muka yi ta dariya har shi. Zaƙi na sukari ne da rake, Baba.

Amma gaskiya na gaji. Jiya na ce a sa ƙugiya, rabin aji ba su sa ba. Yau na ce kar a sa, kowa ya sa. Ana bayani ana hirar kuɗin gero da wake, ina maganar za ta zauna? Raƙumi da ƙugiya, zaki babu. Laƙabi da ƙugiya, zaki babu. Sau goma-goma, kuma zan zaga in duba.

Darasi na 4

Do-ki. Doki mai fukafukai alamar jam'iyyar Lumana ce ta marigayi Hama Amadou. Babu ƙugiya.

Darasi na 5

A Amurka jaki na Dimokurat ne, giwa ta Rifablikan. Ba giwar RDA ba ce. Ja-ki, sau biyar.

Darasi na 6

A sake rubuta duka. Wanda bai zo da alli ba ya ara wurin maƙwabcinsa.